Shaidar Rahina

Greensboro, 19 ga Satumba, 2004

Yaya Kaltouma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna surukarki da duk mutanen gidan. Yaya ƙafar Inna? Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da kewar furar Maraɗi da ta hana ni sakat.

Don Allah ki ce wa Baffa ya daina gaya wa mutane wai ɗiyar ƙanensa likitanci take karantawa a Amurka. Tarihi nake yi, tarihin ma na auren Turawan Ingila shekara ɗari huɗu da suka wuce. Yi dariyarki, Mama ta riga ki tun daga Katsina. Ta ce mai shekara ashirin da bakwai da ba ta ajiye ko saurayi ba ita ce ta tsallaka teku binciken auren matattu.

Amma Yaya, mutanen nan sun ba ni mamaki. Yarinya takan bar gidansu ta je aikatau gidan wasu, ba ta aure sai ta kai ashirin da biyar ko fiye. Saurayi ya ba ta safar hannu, ko zobe, ko kwabon da aka lanƙwasa. In ta karɓa, suka yi alkawari gaban mutane, magana ta ƙullu ko babu limamin coci a wurin. In daga baya ɗayansu ya musa, sai kotun coci. Nan ake kiran shaidu: maƙwabciya, ƙanwa, 'yar aikin da ta leƙa ta ramin bango. A kan waɗannan shaidun nake rubutu. Kullum ina laburare ina karanta gulmar da aka yi kafin a haifi kakan kakanmu, har idona ya yi ja.

Na san ba wannan kike jira ba. Maigidanki Yaya Tassiou ne ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya samo mini ɗaki gabashin gari kusa da jami'a. Yana aiki wurin wani mai sayar da motoci a High Point Road, yana wanke su yana jera su. Ya ɗan rame, amma duk wanda ya zo ƙasar nan ko ya rame ko ya kumbura. A mota bai tambaye ni karatu ba, bai tambaye ni hanya ba. Cewa ya yi, “Ranar da kuka yi sallama, wane zane ta ɗaura?” Na ce ban lura ba. 

Yana nan lafiya, yana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Rahina

Maraɗi, 20 ga Nuwamba, 2004

Ƙanwata Rahina,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah. Muna lafiya, ƙafar Inna sai godiya, ni ce ƙafarta yanzu. Baffa ya ce tarihi ma likitanci ne, kin dai san shi.

Takardarki ta zo ta akwatin wasiƙu na lakwal ɗinmu, inda nake koyarwa, na karanta ta a aji yara suna kwafe darasi. Ki ci gaba da rubutowa ta nan. Wayar gidan a ɗakin wansa take, in yayan naki ya kira ranar Juma'a sai kowa ya tuna yana da abin ɗauka a ɗakin. Minti biyar ne, uku na Inna. A sauran biyun ya ce yaya gida, in ce lafiya, ya ce yaya haƙuri, in ce da godiya. Auren ke nan, ki sa a littafinki.

Zanen shuɗi ne mai ganye. Ki gaya masa, tunda shi bai iya tambayata ba.

Wata goma sha huɗu muka yi tare, ya tafi a watan Yuni na 98. Ki lissafa da kanki, ke ce mai boko mai zurfi. Ba abinci na rasa ba, ba sutura ba, kada wani ya ce miki na yi ƙorafin wannan. Yaran da na koyar a aji shida shekarar da ya tafi, bana na je sunan ɗiyar ɗaya daga cikinsu. Aka miƙo mini jaririya aka ce, “Madam, sa mata albarka.” Na sa. Na dawo gida na dama wa Inna kunu. Shekarata talatin da huɗu, Rahina. Ba sai na ƙarasa miki ba.

Na ji daɗin labarin Turawanki, har na karanta wa malaman ɗakinmu zancen kwabon. Amma kin tsaya a neman aure, inda kowa ke da fara'a. Ni abin da ke bayansa nake son ji. Ai mutanen jirgin ruwa ne, mazansu suna tafiya. In miji ya tafi ya ƙi dawowa, yaya matar take yi? Ki duba mini a takardun naki.

Yayarki,
Kaltouma

Greensboro, 23 ga Janairu, 2005

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Barka da Babbar Sallah. Ki yafe mini jinkiri, jarrabawa ce ta sha mini kai, ga sanyi. Makon jiya ruwa ya daskare a kan titi, na zame gaban laburare na zauna daɓas, wani tsoho ya ɗaga ni yana kirana da sunan da ko Mama ba ta taɓa kirana da shi don tausayi ba. A nan ba a yanka a gida. Mutanenmu suka haɗu muka tafi wata gona wajen Summerfield, aka yi layya a can kusa da dawakin wani Bature da ke kallonmu ta saman shinge.

Kin tambaye ni matan matafiya. Yaya, sun sha wuya. Su ba su da saki irin namu. Ko miji yana dukan mace, iyakar abin da kotun coci za ta yi shi ne ta raba musu kwano da shimfiɗa, amma igiyar tana nan, babu mai sake aure sai ɗaya ya mutu. A shekarar 1604 aka yi doka cewa duk wanda ya yi aure bisa aure hukuncinsa rataya. Sai aka cire mutum ɗaya a ciki: wanda abokin zamansa ya yi shekara bakwai cur a hayin teku. Ita wannan in ta sake aure ba za a rataye ta ba. Shi ke nan gatan, a bar mata wuyanta. In na farkon ya dawo kuma, har yanzu shi ne mijin.

A irin wannan shari'ar ma shaidu ake nema. Wa ya gan shi? Yaushe? A raye ko a mace? Farfesarmu takan ce mu riƙa tambayar kanmu abin da shaida ta gani da abin da ta zaɓi ta faɗa, don ba kullum suke zama ɗaya ba.

Ke kika tambaya na amsa, kada ki ɗauke shi wani abu. Zamaninsu daban, addininsu daban.

Na faɗa masa zancen zanen. Yana lafiya, yana gaisuwa.

Rahina

Maraɗi, 14 ga Maris, 2005

Rahina,

Muna lafiya, ina fata kina lafiya. Yau ba zan ja gaisuwa ba.

Na auna takardarki. Faɗuwarki a titi ta ci layi biyar, dawakin Bature biyu, mijina layi ɗaya. A ta farko har abin da ya faɗa a mota kin kawo mini. Me ya faru tsakanin Satumba da Janairu?

Ban ɗauki labarinki habaici ba, na san ba ki iya shi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne su ma, da ba su da saki, wani ya zauna ya yanka wa matar adadi. Ni ba wanda ya ba ni adadi. “Ki ƙara haƙuri” ba ta da ranar ƙarewa. Watan Yuni zan cika bakwai ɗin.

Na sa Baffa ya raka ni wurin alƙali. Alƙalin ya ce a shari'armu ba sai an kai bakwai ba, mace tana da hakkin zaman mijinta ko da yana ciyarwa. Amma ya ce ba ya raba aure a kan mai uzuri, in kawo wanda ya gan shi da ido. Duk dangi ke kaɗai ce. Saboda haka ki sani tun yanzu, amsarki gaban alƙali za a karanta ta.

Kada ki kawo mini zancen takardu. Takarda don zama can ake nemanta, ba don dawowa gida ba. Abu uku nake tambaya. A tsare yake? Yana da wata? Lafiyarsa ƙalau?

Wallahi, Rahina, in ciwo ne ko kurkuku, zan mayar da gyalena in zauna, ko shekara nawa ne, ba wanda zai sake jin bakina. Ko mata ce ki faɗa, zan san da abin da nake zaune. Wanda ba zan iya ba shi ne a ce mutum yana da ƙafa biyu da lafiyarsa, kawai dai ban isa a dawo domina ba.

Shaidu kike karantawa. To ga ranarki.

Kaltouma

Greensboro, 17 ga Afrilu, 2005

Yaya Kaltouma,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki. Ina lafiya.

Ba a tsare yake ba. Ba shi da wata mata, ban taɓa ganin ko alama ba, su biyu ne a ɗakinsu shi da wani Chaïbou ɗan Damagaram. Yana zuwa aiki, yana zuwa masallaci. Lafiyarsa ƙalau.

Amma Yaya, don girman Allah ki dakata. Ki ba shi ko shekara ɗaya. Ba zan iya ce miki komai bayan wannan ba, roƙonki kawai nake yi. Mutumin nan bai manta da ke ba.

Ƙanwarki,
Rahina

Maraɗi, 9 ga Oktoba, 2005

Rahina,

Barka da shan ruwa. Ina gidan Baffa, nan za ki same ni in kin ga dama. Wata shida ban ga rubutunki ba, ni ma ban neme ki ba.

An gama. Magatakarda ya karanta takardarki da ƙarfi gaban Baffa da wan Tassiou. Kin ga na rubuta sunan, yau babu abin da ya hana ni. Da ya zo kan “lafiyarsa ƙalau” alƙali ya ce ya maimaita. Roƙon da kika yi a ƙasa ma an karanta, alƙali ya ce roƙo ba uzuri ba ne. Aka kira Tassiou a waya, aka ba shi wata uku ya zo ko ya faɗi dalili. Kin san abin da ya ce? “Duk abin da ta zaɓa, ni na yarda.” Kamar ana tambayarsa launin labule. Wata uku suka cika ranar Talatar makon jiya.

Ranar da na kwashe kaya Inna ta riƙe mini zane tana kuka, tana cewa wa zai shafa mata man ƙafa. Na nuna wa matar wansa yadda ake yi, daga diddige ake farawa. A ƙasan akwatina na tarar da turaren da aka haɗa mini na aure, na ajiye rabi don ranar dawowarsa. Ya bushe ya zama dutse. Ban yi kuka a kotu ba, a kan wannan na yi.

Na gode miki da kika faɗi gaskiya, ko da ta yi ɗaci. Shi kuwa ki gaya masa ban yafe ba. Da ya ce mini tun shekara ta biyu ba ya so, da na gode masa. Ya bar ni ina tsufa a ɗakin uwarsa don ya rasa bakin faɗa. Ban yafe ba, duniya da lahira.

Kaltouma

Greensboro, 11 ga Yuni, 2006

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mama ta gaya mini an ɗaura da Malam Iliyasu na lakwal ɗinku a watan Fabrairu. Ban yi miki murna a lokacin ba don ban san da wane baki zan yi ba. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Na yi miki ƙarya, kuma ƙaryar ce aka karanta a kotu.

A Disambar 2004 motarsa ta mutu, ya kira ni in ɗauko shi a wani adireshi. Ya ce in jira a waje. Sanyi ya dame ni na shiga. Yana kishingiɗe a kujera, tiyo biyu a hannunsa, jininsa yana fita ya zaga cikin inji ya dawo. Wankin ƙoda ne, Yaya. Ƙodojinsa duka biyu sun tsaya tun 2001. Sau uku a mako, awa huɗu, sannan ya tashi ya je ya wanke motocin mutane. Shi ya sa ko a zafi riga mai dogon hannu yake sawa, don ya rufe wurin allurar.

A mota ya ce, “Rahina, ki ce wallahi ba za ki faɗa ba.” Na ce ai matarka ce. Ya ce, “In na hau jirgi, sati biyu na yi yawa. Maraɗi babu mashin ɗin. In Inna ta ji, tansiyo zai kashe ta kafin ni, kin san hawan jininta. Ana cewa za a sa ni a layin dashen ƙoda, ki bari in samu, ni da kaina zan je in faɗa.”  Na ce wallahi.

Da takardarki ta Maris ta zo, na kai masa wurin aiki. Ya goge hannu ya karanta a tsaye tsakanin motoci. Da ya kai inda kika ce in ciwo ne za ki zauna, sai ya ninke ta. Ya ce, “Kin gani? Za ta zauna. Ni na san layin nan ba zai zo kaina ba, ba ni da takarda. Ta zauna jiran me, gawa? Tana son ɗa. Rubuta mata lafiyata lau.” Na yi kuka, na ce ba zan iya ba. Ya ce, “Kin rantse.” Na koma ɗaki na rubuta.

Yanzu kwanansa goma sha biyu a asibiti. Ciwo ya shiga jininsa ta hannun, zuciyar ma ta gaji. Likita ya ce a kira na kusa. Ban taɓa isar masa da saƙonki na Oktoba ba, amma jiya ya ce, “Na san ba ta yafe ba.” Ya juya fuska bango.

Na je wurin limaminmu na ce zan karya rantsuwa. Ya ce in ciyar da miskinai goma. Ranar Asabar na dafa shinkafa da kaza na kai inda marasa gida ke cin abinci, shi ya sa yau na iya ɗaukar biro.

Ba don kaina nake roƙo ba. Ki yafe masa kafin ya tafi. Na san kotun Turawan da nake karantawa da ta kama ni da wannan shaidar, da farin mayafi za a tsayar da ni gaban jama'a in yi tuba. Na kasa buɗe takardun tun bara.

Ƙanwarki, in har yanzu kin yarda,
Rahina

Maraɗi, 2 ga Yuli, 2006

Rahina,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Malam yana lafiya. Zan aiko wannan ta fakas ɗin telesanta, shagon buga waya, don kada ta makara, zan tsaya a kan yarinyar shagon har ta tura ta miƙo mini abata.

Na karanta sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Kwano goma. Na yi ta juya wannan a raina kwana huɗu. Ashe ƙofar fita tana nan tun ranar da kika rantse, shinkafa da kaza ce kawai. Duk yarinyar da ta je islamiyya ta san kaffarar rantsuwa, ke ma kin sani a watan Afrilu. Kin iya dafawa don ya mutu da sauƙi, ba ki iya dafawa don aurena ba.

Kada ki ce mini tausayi ne. Ku biyu kuka zauna tsakanin motoci kuka yanke abin da ya dace da ni, kamar yarinyar aji ɗaya. Na tambaya da bakina, na faɗi abin da zan yi. Wataƙila da na zauna in yi nadama, wataƙila da na sayar da gadon uwata in nemi biza in zo in riƙe masa hannun nan awa huɗu, wataƙila da a shekara ta biyu in gaji in tafi. Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba, don ba a ba ni ba. Na isa in wanke wa uwarsa ƙafa shekara bakwai, ban isa in ji ciwonsa ba.

Kuma kin sa na tsine wa mara lafiya. Wata tara ina kai goshina ƙasa ina kai ƙararsa, a cikin azumi ma. Shi yana can jininsa yana zaga inji. Wannan wa zai ɗauke mini?

Jiya na je gaida Inna. Ta ce ɗanta ya yi Juma'a biyar bai kira ba, ko aiki ne ya yi yawa? Na ce aiki ne. Kin ga kin koya mini.

Ki je asibitin yau, kada ki jira gobe. Ki ce masa Kaltouma ta yafe. Ki faɗa da ƙarfi ya ji. Na yafe ne don ba na son a tsayar da ni da shi ranar hisabi, na jira shi a nan ya isa, ba zan je can in sake jira ba. Taki kuwa ban san inda zan ajiye ta ba tukuna, kada ki tambaye ni.

Saura abu ɗaya. Ina da ciki, wata huɗu. Daga ni sai Malam muka sani, ko Baffa bai ji ba. Na gaya miki ne don ki riƙe, ba don ki yi murna ba. Zai tambaye ki, na san shi, zai ce ko an samu ƙaruwa. Kada ki faɗa masa. In ya ji, zai ce dabararsa ta yi kyau, ya rufe ido yana ganin alheri ya yi mini. Yafiya na ba shi. Wannan ban ba shi ba.

Ba zan sa ki rantse ba. Ki dai tsaya a bakin gadon, ki dube shi, ki ce ba ki sani ba.

Kaltouma